Dafi da Makarinsa: Daga Kwankwani Zuwa Tiramol a Ƙasar Rima

Bahaushe bai taɓa yarda da cewa akwai dafin da ba shi da makari ba. In maciji ya sari mutum, a nemo mai makari. In kunama ce ta harbe shi, haka. Ko sammu aka yi masa, cewa ake yi a karya. To abin da nake nufin tattaunawa a wannan 'yar maƙala shi ne tarihin wani makari guda, wanda likitoci suke kira nalokson, watau maganin da yake farfaɗo da mutumin da ƙwaya irin su tiramol da kodin suka danne wa numfashi. Na zaɓi in dube shi daga gabashin Sakkwato, watau Gandi da Rabah da Wurno da Goronyo, domin nan ne na fi sani, kuma domin dafi ba baƙo ba ne a tarihin wannan yanki namu.

Mai karatu ya san Wurno ribaɗi ce wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah ya yi masa rahama, ya kafa don tsare Sakkwato daga hare-haren Gobirawa, kuma a nan ya rasu cikin shekara ta 1837, a nan aka rufe shi. Garuruwan wannan kwari na Rima sun daɗe suna zaman bakin daga, kuma babban makamin dakaru a wancan zamani shi ne baka da kibiya. Ita kuwa kibiya ba kaifinta ake tsoro ba, abin da aka shafa mata ake tsoro. Akan daka 'ya'yan kwankwani a dafa su tare da wasu haɗe-haɗe, kamar ruwan tinya, har su yi kauri su yi baƙi, kana a shafe bakin kibau da su. Dafin kwankwani zuciya yake kamawa. Ko ƙwarzane kibiyar ta yi wa mutum, in dafin sabo ne, yana iya kai shi ƙasa. Baturen nan Denham ya ba da labarin yadda jagoran Larabawan da suka rako su, Bu Khalum, ya mutu a shekara ta 1823 saboda kibiya mai dafi da Fulani suka harbe shi da ita a ƙasar Mandara, alhali kuwa mutanensa su ne masu bindigogi.

Saboda haka mayaƙi ba ya fita sai da shiri. Barade su sa lifidi, su da dawakansu, dakaru kuwa su sha abin da za su sha, su ɗaura abin da za su ɗaura, su kuma riƙe makari a jikinsu, na saiwa ko na sassaƙe. Ni dai a ganina yawancin waɗanda suka tsira ba ƙarfin garin maganin ne ya cece su ba, hanzarin da aka yi ne wajen zare kibiyar da tsaga wurin da fitar da jinin, da kuma sa'ar cewa dafin ya tsufa. Amma akwai hikima guda da ba a iya raina wa mutanen da, ita ce sun gane makari ba a barinsa a gida. Wanda aka harba a bakin ganuwa ba ya jiran a kai shi birni.

Clapperton, wanda ya halarci yaƙin da rundunar Bello ta kai wa Konya, birnin Gobirawa, a shekara ta 1826, ya ce a duk taron nan bai ga mai amfani da ƙarfin hali kamar wata tsohuwa Bazamfara ba, baiwar Sarkin Musulmi, wadda take bisa doki da gorunan ruwa rataye, tana bi cikin mayaƙa tana shayar da masu rauni da masu ƙishi. Bai rubuta sunanta ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan tsohuwa a ransa, gama duk gardamar da duniya ta yi daga baya a kan nalokson, gardama ce a kan ko za a yarda irinta ta riƙe magani.

Shi kansa Bello mutum ne mai sha'awar ilmin magani. Ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basur da amfanin filasko, kuma sa'ad da Clapperton ya fara zuwa Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da ya nema daga Sarkin Ingila har da likitan da zai zauna a ƙasarsa. An turo likitoci a tafiya ta biyu, amma babu wanda ya iso da rai. Abin da ya iso shi ne littattafai na Larabci, cikinsu har da na Ibn Sina.

Ta wajen Ibn Sina ne za mu shiga labarin dafi na biyu. Akwai wani fure da ake nomawa a Gabas tun zamanin da ba a iya tunawa, in an tsaga kwansonsa sai wani farin ƙaro ya tsatso, ya bushe ya yi duhu. Larabawa suna kiransa afyun, Turawa su ce ofiyom. Babu abin da ya kai shi kashe zafin ciwo, kuma Ibn Sina ya yi bayaninsa, ya yi gargaɗi a kan yawansa. Duk da haka almajirinsa Juzjani ya ruwaito cewa a ciwon ajalinsa, a 1037, wani bawansa ya zuba masa afyun mai yawa cikin maganin da yake sha. Abin mamaki kuma, shahararren makarin da likitocin Rum da na Larabawa suka dogara da shi shekaru aru-aru, wanda ake kira tiryaƙi, shi ma da afyun ake haɗa shi. Har yau a harshen Farisa kalmar da take nufin makari a da, ita ce sunan afyun. Watau dafi ya cinye sunan makarinsa.

Daga nan sai Turawa suka shiga tace shi. Wajen 1805 wani yaron kantin magani a Jamus, Sertürner, ya fitar da ainihin sinadarin da yake aiki a ciki, aka sa masa suna mofin. A 1832 Robiquet na Faransa ya fitar da kodin. A 1853 aka sami sirinji da allurar da take shiga ƙarƙashin fata. A 1898 kamfanin Bayer ya fara sayar da hiroyin a matsayin maganin tari, kuma a lokacin ana yabonsa. Wanda ya ga abin da kwalbar maganin tari ta yi wa matasanmu bayan shekara ɗari da 'yan kai, sai ya ce ashe tsohuwar hanya ce aka sake bi. Tiramadol kuwa, wanda muke kira tiramol, kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya fito kasuwa a 1977. Duk waɗannan dangi ɗaya ne, kuma kisansu iri ɗaya ne. Ba zuciya suke fara kamawa kamar kwankwani ba. Wurin da yake umartar ƙirji da yin numfashi a cikin ƙwaƙwalwa, shi suke sa wa barci. Mutum ya kwanta, numfashinsa ya yi ta raguwa, ya dinga wani irin munshari mai kama da kakari, leɓunansa da faratansa su yi toka-toka, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, a girgiza shi a kira sunansa bai amsa ba. Na kusa da shi su ce a bar shi ya huta.

Neman makarin wannan dangi ya daɗe. Tun 1915 wani masani Bajamushe mai suna Pohl ya lura cewa in an ɗan sauya ƙirar kodin, sai ya koma yana tayar da numfashin da mofin ya kwantar. A shekarun 1940 aka sami nalofin, aka yi aiki da shi a asibitoci, sai dai shi ma yana da nasa sharrin, yana sa gane-gane, yana kuma iya rage numfashi da kansa. Sai a 1961, a birnin Niyok, Jack Fishman da Mozes Lewenstein suka nemi rajistar nalokson. Fishman Bayahude ne haifaffen Poland, wanda iyayensa suka gudu da shi zuwa Shanghai saboda Hitila kafin su sauka Amurka. A wannan shekara ta 1961 kuma, a wannan birni, aka sa hannu a kan babbar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana fataucin miyagun ƙwayoyi. Duniya ta san da yarjejeniyar nan take, makarin kuwa sai da ya shekara goma kafin hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1971, da sunan Narcan.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. A jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wasu gurabu, kamar kwaɗon ƙofa, su kuma mofin da danginsa kamar mabuɗai ne da suke shiga su murɗa. Nalokson mabuɗi ne da ya fi su kama bakin kwaɗon, sai ya tunkuɗe su ya zauna a gurbin, amma shi ba ya murɗawa. Da shi ne ma Candace Pert da Solomon Snyder suka tabbatar da samuwar waɗannan gurabu a 1973 a Jami'ar Johns Hopkins. Ba ya sa maye, ba a sabawa da shi, in kuma aka yi kuskure aka ba wanda ba dangin afyun ya sha ba, ba ya yi masa kome. Allura guda ta miligiram 0.4 a cinya ko a dantse, ko feshi na miligiram 4 a hanci, cikin minti biyu zuwa uku sai numfashi ya dawo. In bai dawo ba a ƙara.

To a nan ne tarihin ya yi wani irin tsayawa da ya kamata ɗalibi ya yi tunani a kai. Magani mai sauƙi haka, mai araha haka, sai da ya shekara ashirin da biyar a kulle cikin kabad ɗin asibiti da motocin ɗaukar marasa lafiya. Mutane kuwa ba a asibiti suke mutuwa ba, a ɗakunansu suke mutuwa, da kangwaye, a gaban abokan da suke tsoron kiran hukuma. A 1996 wani mutum a Chicago mai suna Dan Bigg, bayan abokin aikinsa ya mutu ta wannan hanya, ya fara raba kwalaben nalokson ga masu shan ƙwaya da kansu, yana koya musu yadda za su yi wa juna allura. An zarge shi ƙwarai. Italiya ta riga kowa barin a saye shi a kanti ba da takardar likita ba. Sikotlan ta mai da rabonsa aikin gwamnati a 2011, har fursunan da za a saki sai a ba shi ya fita da shi, domin an gane wanda ya daɗe bai sha ba, in ya koma kan adadin da ya saba, shi ya fi saurin mutuwa. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa duk wanda ake zaton zai iya tarar da mai wannan hali, a ba shi maganin a koya masa. Amurka kuwa, inda masu mutuwa ta hanyar ƙwaya suka haura 100,000 a shekara ta 2021, ba ta yarda a sayar da na feshi ba tare da takarda ba sai a watan Maris na 2023. Kafin nan ɗan matar Fishman ya riga ya mutu a Florida saboda hiroyin, a lokacin da dokar jihar ba ta ba uwarsa damar ajiye abin da mijinta ya ƙirƙiro ba.

Mu dawo gida. Dokar miyagun ƙwayoyi ta farko mai ƙarfi a Nijeriya ta Turawan mulki ce, ta 1935. Bayan 'yancin kai hukuma ta fi karkata ga horo: dokar wiwi ta 1966, harbe mutum uku a Ikko a 1985 saboda fataucin ƙwaya, sa'an nan kafa NDLEA a 1989 da NAFDAC a 1993. A tsakanin nan asibitocin gwamnati suka rame, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, jama'ar karkara suka koma ga kemis da 'yan tebur da masu yawo da magani a faranti ranar kasuwa. Ta wannan ƙofa tiramol ya shigo. Ba ya cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyoyin duniya suka ɗaure, don haka aka yi ta lodo shi daga Indiya zuwa tashoshin Ikko da Kwatano da Lome, ya hau mota ya yi arewa, ya ƙetara iyakoki irin na Illela da Ƙonni ta kowace fuska. Abin da hukuma ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, abin da ake kamawa kuwa 120 ne da 200 da 225, har 250.

Ya kamata mu faɗi gaskiya a kan masu shansa a yankinmu. Ba 'yan iskan gari kaɗai ba ne. Wanda ya san aikin fadama a Wurno da Goronyo, dashen shinkafa da ban ruwan albasa da tafarnuwa, tun asuba har rana ta faɗi, ya san abin da yake sa ɗan ƙwadago ya nemi abin da zai hana shi jin jikinsa. Haka mai kabu-kabu, da mai lodi, da mai haƙar rijiya. Har dabbobi ake ba. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar cewa sun sami tiramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka yi ta murna wai Allah ya halicci maganin a itace. Shekara guda bayan haka wasu masanan daga Jamus suka nuna cewa manoman wurin ne suke sha, suke kuma ba shanun huɗa, fitsarin mutum da na dabba ya jiƙa ƙasa har itatuwa suka tsotsa. Ban san wani labari da ya fi wannan nuna zurfin abin ba a ƙasashen Sudan.

A ƙarshen Afrilu na 2018 BBC ta nuna fim a kan cinikin kodin a Nijeriya, washegari gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. A shekarar ce kuma Indiya ta ƙara tsaurara fitar da tiramadol. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi, wanda ya fito a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka yi amfani da ƙwaya a shekarar da aka bincika, miliyan 4.6 daga cikinsu dangin afyun na kanti suka sha, galibi tiramol, kuma a arewa maso yamma kaɗai masu shan ƙwaya sun kai wajen miliyan 3. Da aka toshe wannan rami sai ɓera ya huda wani. A Fabrairun 2025 BBC ta sake fallasa wani kamfani a Mumbai mai haɗa tafentadol, wanda ya fi tiramol ƙarfi, da wani maganin sakin jijiya, ana sayar da su a Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol, kafin Indiya ta hana haɗin.

Adadin masu sha an ƙidaya, na masu mutuwa kuwa al'adarmu ba ta barin a ƙidaya. Saurayi ya kwanta da dare bai tashi ba, kafin azahar an yi masa sutura, a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne kwana ya ƙare, amma iyaye sukan san sanadi, kunya ce take rufe bakinsu. Wannan kunya ita take sa a ɓata lokaci ana kwara wa mutum ruwa, ana ɗura masa madara ko manja, alhali wanda ba ya cikin hayyacinsa in aka ɗura masa abu, huhunsa yake tafiya.

Kada kuma in yaudari mai karatu, nalokson ba shi ne maganin kowace ƙwaya ba. Ba ya karya diyazefam ko roci, ba ya karya sholisho ko zaƙami ko giya. A kan kodin da allurar fentazosin da hiroyin da tafentadol yana aiki. Tiramol kuwa mai fuska biyu ne: yana danne numfashi kamar danginsa, wannan nalokson yana gyarawa, amma yana kuma sa jijjiga irin ta farfaɗiya ta wata hanya dabam, wannan sai likita. Bugu da ƙari ƙarfin makarin minti 30 ne zuwa 90, ƙwayar kuwa tana iya daɗewa fiye da haka, sai mutum ya farka ya yi magana, a watse, ya sake nutsewa. Wanda ya saba da ƙwaya kuma yakan farka da amai da gumi da faɗa. Don haka ƙa'idar ita ce a ba shi makari, a hura masa numfashi baki da baki in nasa ya tsaya, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, kada a bar shi shi kaɗai, kana a nufi asibiti ko da ya ce ya warke.

Nalokson yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya da na Nijeriya. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware inda ake jiyyar masu son rabuwa da ƙwaya, akwai manyan asibitoci a Rabah da Wurno da Goronyo. Sai dai ƙwaƙwalwar da iska ta yanke mata takan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida, kuma babu ƙauyen da yake minti shida daga Sakkwato. Tun harin 'yan bindiga na Yulin 2018 a Tabanni, wanda ya cika Gandi da 'yan gudun hijira, da na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, fita da mara lafiya cikin dare a wannan yanki ya zama abin da sai an yi shawara.

Na sha jin malamai da dattawa suna cewa in aka sa makari kusa, an ba yara lasisin sha. Ban raina wannan magana ba, domin daga kishi ta fito. Amma an gwada an gani. A jihar Massachusetts ta Amurka, binciken da aka buga a 2013 ya nuna garuruwan da aka raba maganin sun fi waɗanda ba a raba ba ƙarancin mace-mace, a Sikotlan ma mutuwar waɗanda aka saki daga kurkuku ta ragu. Ban kuma taɓa jin an ce lifidi ne ya jawo yaƙin Gobir ba. Ra'ayina shi ne kwalbar nalokson ta kamata ta zauna a ɗakin shan magani na kowace gunduma, a hannun ma'aikacin lafiya na ƙauye wanda dama yana yin allura, da mai kemis mai lasisi da aka koya masa, da jami'an sansanin 'yan gudun hijira, da ɗakin jiyya na makarantu irin tamu. Ba ta bukatar firji, inuwa kawai take so, takan kuma shekara biyu zuwa uku ba ta lalace ba, abin da ya dace da garin da wutar lantarki ba ta zama. Na feshin hanci ya fi tsada, amma shi ne wanda uwa ko mata ko abokin aiki a fadama zai iya amfani da shi ba tare da ya taɓa riƙe sirinji ba.